Daminar da Baba Ya Yi Gardama da Littafi

Bana azumi ya sake faɗowa tsakiyar damina. Tun ranar da aka ce an ga wata, ruwa bai ɗauke na yini guda cur ba. Na ce “aka ce” ne don a Duwala, a irin wannan lokaci, ko rana ma sai mai rabo yake ganinta, balle jinjirin wata. Shekaranjiya ina zaune a shago, na ɗora ƙafafuna kan benci saboda ruwan da ke kutsowa ta ƙarƙashin ƙofa, sai ga 'yata Bilki ta faɗo a jiƙe sharkaf, ta rungume wani ƙunshi a leda. Ta samu ɗan fili a bayan gidansu a unguwar Bepanda, wai lambu take so ta yi. Shi ne ta ɗauko littattafai uku wurin masu baza su a bakin titi, da sharaɗin za ta riƙe ɗaya ta mayar da biyu.

“Baba, kai ka san kan abin nan. Wanne zan riƙe?”

Ko layi ɗaya ban karanta ba, hotuna na shiga buɗawa. A na farko na ga Bature da kwat da hular sanyi yana tura baro, na ture shi gefe.

Bilki ta ce, “Haba Baba, shi ne fa mafi tsada!”

Dariya ta kama ni har sai da na share hawaye. Rabon da in ji wannan magana tun tana goye a bayan uwarta.

Lokacin Faransawa ne ke riƙe da ƙasar. Ba a gina gadar kogin Wuri ba tukuna, mai zuwa Bonaberi a tsallake sai ya jira jirgin fito. Ni kuwa ina ɗinki a unguwar Hausawa ta New Bell, da kekena ɗaya, da matata Hajara, da gidan karabot, wato na katako, mai ɗaki biyu da rufin ganyen tukurwa. A bayan gidan akwai fili har bakin lambatu, ba abin da ke cikinsa sai ciyawa da kwaɗi.

A ranin shekarar ne na je gida, ƙasar Zazzau, na ɗauko mahaifina. Inna ta rasu, ƙannena mata duk suna gidajen mazansu a garuruwa daban-daban, ga tsoho shi kaɗai a kango, ciwon ƙafa ya fara kama shi, wanda zai ba shi ruwan zafi ma sai an roƙa. Da ƙyar da jiɓin goshi ya yarda ya biyo ni. Baba manomin lambu ne tun tasowarsa, a bakin kogin Galma ya tsufa yana jan jigo. Da za mu taho bai ɗauki komai ba sai buta, da buzu, da 'yar fartanyarsa, da wata gora da ya toshe bakinta da tsumma. A cikinta akwai iri, kowanne a ƙullinsa, an cuɗa da toka: yakuwa, kubewa, gauta, albasa. Iri ne da ya gada wurin ubansa, kowace shekara sai ya bar masu kyau su ƙosa ya sake cika gorar. Ni ne ɗansa na fari, don haka bai taɓa kama sunana ba. Tun da na koyi ɗinki ya samu mafita, sai ya ce Tela.

Bai yi mako da sauka ba ya shiga filin nan da fartanya. Ya nome ciyawa, ya yanka fangali irin na gida, wato ya zurfafa tsakiya ya tayar da gefe don ruwa ya kwanta. In ka ga aikin sai ka rantse da zare aka auna. Abin da ya sani ke nan tun yana yaro: ruwa baƙo ne, in ya zo sai ka tare shi kada ya gudu. Makwabta suka riƙa leƙowa ta kan shinge suna kallo. Wata tsohuwa 'yar ƙabilar Bamilike da ke sayar da makabo, wato gwazar ƙasar, ta tsaya ta daɗe, ta tambayi Hajara ko kifi tsohon zai kiwata.

Ranin Duwala kuwa suna ne kawai. Iri ya fara tsiro ke nan aka yi ruwa na dare ɗaya, da gari ya waye kowane fangali ya zama tafki, kwaɗi na murna a ciki. Baba ya fito ya gani. Ya jira ruwa ya tsane, ya baje fangalin, ya ja kunya kamar ta dawa, ya sake shuka. Sai damina ta kankama. Ruwan nan ba sauka yake ba, zuba yake, ƙasar kuma rairayi ce. Kafin mako biyu kunyoyin sun kwanta shafe-shafe, irin ya bi lambatu ya nufi teku.

Da yammar ranar ya girgiza gorar kusa da kunnensa. Saura kaɗan, abin da bai fi shuka ɗaya ba. Ya mayar da tsumman ya toshe, ya ɗaure ta a jikin buzunsa.

“Tela, wannan da ya rage na gida ne, ba na Duwala ba. In an yi ƙaramar salla ka nema mini abokin tafiya.”

Na ce, “Baba, wa za ka tarar a can?”

“Zan tarar da ƙasar da ta san ni.”

Hankalina ya tashi ƙwarai. Na san in ya koma, komawar ke nan, watarana sai dai in ji a bakin fatake. Na roƙe shi, Hajara ta roƙe shi, limamin unguwa ma ya sa baki. Baba in ya kafe, ya fi sauƙi ka tuge itacen kuka da hannu. Har ya yi magana da wani Alhaji mai fataucin goro da zai haura arewa bayan salla.

Ana cikin haka Misiye Albert ya kawo wando a rage masa ƙugu. Shi ɗan ƙabilar Basa ne, akawu a ofishin aikin gona, yana jin Hausar kasuwa, in ta ƙare masa sai ya ciko da Faransanci. Ina aunawa ina ba shi labari, don abin ya cika mini ciki.

Ya ce, “Misiye Tela, babanka bai yi kuskure ba, gari ne ya canza masa. Ka saya masa littafi mana. Kai ai kana karatu.”

Ina karatu kam, irin na mai bin layi da yatsa. A kantin wani ɗan Girka da na yi wa aiki na tsinci Faransancina.

“Amma atansiyo,” in ji shi, wato a yi hattara, ya ɗaga yatsa. “Za su ba ka babba mai kyan bango. Kada ka kalli bango, buɗe hoto. In ka ga mutumin ciki da kwat, ajiye, na garin sanyi ne. In kuma ka ga duk maganarsa yadda za a ba shuka ruwa ce, shi ma ba namu ba ne. A nan ba ba da ruwa ake koya ba, korar ruwa ake koya. Akwai wani ƙarami, wani malamin gona da ya daɗe a ƙasar kurmi ne ya rubuta shi. Ba ya da kyau a ido, sai ka tambaya za su ciro maka.”

Ana saura kwanaki kaɗan a kama azumi na ja abokina Ɗanjuma mahauci muka nufi unguwar Akwa, kantin littattafai na 'yan mishan. A ƙasa muka tafi, takalma a hannu, ganyen ayaba a ka. Muka tsaya bakin famfo muka wanke ƙafa kafin mu shiga. Mai kantin, wani saurayi mai laktaye, ya dube mu daga sama har ƙasa. Da na ce littafin lambu nake so, sai ya sauko da wani mai koren bango, kaurinsa ya kai tubali.

Ɗanjuma ya riga ni karɓa. Ya ɗora shi a tafin hannu yana jinjinawa, yadda yake yi wa nama.

“Tela, wallahi wannan ya kai cinyar rago. Ilimi ai nauyi gare shi. A naɗe mana.”

Na buɗe. Ga Bature da kwat har gwiwa, ga ɗakin gilashi da shuka a ciki, ga gona fara fat da ƙanƙara. Na rufe, na tambayi ƙaramin da Misiye Albert ya kwatanta. Saurayin ya taɓe baki, ya durƙusa ya lalubo shi a can ƙasan kanta. Siriri ne, takardarsa toka-toka, kyankyaso ya ɗan ɗanɗana gefe guda. Na buɗe tsakiya, sai ga mutum ba takalmi, da adda a hannu, an zana ruwan sama layi-layi yana zuba a kansa. Na ji kamar na ga ɗan unguwarmu.

Ɗanjuma ya ce, “Haba Tela! Wancan fa shi ne mafi tsada. Za ka kai wa tsoho wannan abin da ko tsire ba zai naɗe ba?”

Na ce, “Ba girin-girin ba, ta yi mai.”

Har muka iso gida yana mita. Ni kuwa na cusa littafin cikin riga, na danne shi da hammata don kada ya jiƙe.

Aka kama azumi. Labarin wata ta wayar tangaraho ya zo daga Garwa, mai shela ya bi unguwa cikin ruwa yana faɗa. Wanda bai yi azumi a daminar Duwala ba, ba zai gane ba. Ƙishirwa babu, ko kaɗan, ruwa ma har ya gundure ka da kallo. Yunwa ce ke cin mutum, irin mai shiga tare da sanyi ta zauna a ƙashi. Itace a jiƙe, Hajara na hura wuta tun azahar, idanunta jawur, Bilki na tari a baya. Gishiri ya narke a kwano, ashana sai an ɗumama ta a hammata take kamawa, takalmin da ka ajiye kwana biyu sai ka tarar ya yi furfura. Wanki kuwa a ɗaki muke shanya, har ya yi tsami bai bushe ba. Faɗuwar rana ba mai ganinta, ladan da agogon liman yake aiki, tsofaffi na gunaguni wai an sa su shan ruwa da umarnin ƙarfe. Gero ya yi wuya saboda hanyar arewa ta lalace, sai kunun masara, da ƙosai in an samu wake, da makabo da manja. Ganyen miya irin namu kuwa sai busasshen da fatake suka kawo, shi ma ya sha danshi yana warin rima. Baba yakan kai loma biyu ya janye hannu.

Da na nuna masa littafin, kallo ɗaya ya yi masa.

“Yanzu Nasara ne zai koya mini lambu? Da bakinka kuma?”

Amma da na ajiye shi a tabarma, sai ya daka mini tsawa, ya ɗauke ya ɗora kan buhun masara. Wai rubutu rubutu ne, ko na wane ne, ba a barinsa a ƙasa.

Hajara ce ta kawo dabara. Ta ce ɗa ba ya koya wa uba, amma ba wanda ya hana miji ya karanta wa matarsa. Saboda haka kullum bayan la'asar, lokacin da yunwa ta fi cizo, ɗinki kuma ba ya yiwuwa don duhun hadari, sai in zauna bakin ƙofa in riƙa bin layi da yatsa ina juya mata da Hausa. Ina ɗaga murya kamar mai magana da kurma. Baba na ɗakinsa a kishingiɗe, ya juya mana baya, tsakaninmu katako ne kawai mai ɓaraka.

Kwanakin farko shiru. Ran da na zo inda mai littafin ya ce kada a zuba ɗanyen kashin kaji a gindin shuka, sai an bar shi ya huce, muka ji gyaran murya daga ciki.

“Wannan ya yi gaskiya.”

Hajara ta toshe baki da gefen zane. Washegari na karanta cewa albasa ba ta yin kai a ƙasar kurmi, kada mutum ya wahalar da kansa.

“Ƙarya yake! Bai iya ba ne.”

Daga ranar aka ƙulla. In na makara, sai ka ji ya ce, “Yau mutumin naku bai da abin faɗa ne?”

Babban abin da littafin ya koyar shi ne a tayar da ƙasa ta kai gwiwa, a tokare gefenta da katako ko gwangwala don kada ruwa ya zaizaye, a haƙa magudana kewaye, a cuɗa taki da toka, sa'an nan a kafa 'yar rumfa ta ganyen kwakwa a sama, mai gangare, ta karya ƙarfin ruwa kafin ya taɓa tsiro. Muka ce bari mu gwada guda ɗaya. Na samo katakan akwatunan kaya daga bakin jirgi, Ɗanjuma ya turo taki daga mahauta yana cewa shi dai har yanzu babban littafin ya fi kwanta masa, Hajara ta tara tokar murhu. Da sassafe muka yi aikin, kafin yunwa ta farka. Tsawon katakon shi ne tsawon abin, taku biyu da ɗan ɗori, muka kwantar da shi a jikin shinge, kudu da arewa. Muka watsa irin alayyafo da Hajara ta saya wurin tsohuwar nan mai makabo. Na ja da baya ina kallo, ina jin daɗin kaina.

Baba ya fito da buta zai kewaya, ya yi turus.

“Tela, wa ya rasu?”

Sai a lokacin na gani da idonsa. Tulin ƙasa, tsawon mutum, an tokare da katako, ya kwanta kudu da arewa. Ba abin da ya rage sai a yayyafa ruwa a yi addu'a.

Ya ce, “Kun gaji da ni ne, har kun gyara mini wuri?”

Da murmushi ya faɗa, amma murmushin bai kai ido ba. Ranar ko kunun bai shanye ba, karatun la'asar ma da na fara ya ce kansa na ciwo. Na ji kunya, na ji tausayi, na rasa inda zan sa kaina. Na ce wa Hajara gobe zan rushe shi.

Ta ce, “Kada ka rushe. Kai kana shago, ni nake yini da shi. Ba lambu ne kaɗai ke damun Baba ba. Tun ran da kuka je jana'izar makwabcinmu Malam Buba ya dawo ya ce mini, 'yar nan, a garin nan ko kabari sai an kwashe ruwa da ƙwarya kafin a sa mutum. Tsoron ƙasar yake ji.”

Na tuna ranar. Ina cikin masu kwasar ruwan ma, ban lura da fuskarsa ba.

Sai aka shiga wani ruwa wanda har yau tsofaffin unguwa na tunawa. Dare da rana, ba tsawa ba iska, zuba kawai. Lambatu ya cika ya haɗe da hanya, hanya ta haɗe da tsakar gida. Muka ɗora keken ɗinki kan tebur, buhun masara kan gado, murhu kan tanon kwano. Masu zuwa masallaci suna naɗe wando har cinya, kaji suka koma kan rufi. Ɗanjuma ya rantse ya ga kifi a ƙofar gidansa, ko da yake Ɗanjuma ne. Ba wanda ya leƙa bayan gida sai don dole.

Da safen da ruwan ya tsagaita, na fito na tarar ɗakin Baba ba kowa. Na zaga baya, sai ga shi tsaye cikin ruwa har ƙwauri, da ciwon ƙafarsa da komai. Filin duk ya zama kogi. A tsakiyarsa tulin nan na tsaye ƙarƙashin rumfarsa, samansa kore shar da tsiron alayyafo, ko ɗaya bai kwanta ba. Baba ya sunkuya ya tura yatsa cikin ƙasar, ya ciro ya murza. Danshi ne daidai, ba caɓi. Ya daɗe yana kallon yatsan.

Da ya ji motsina bai waiwayo ba.

“Wa ya watsa irin nan?”

“Ni ne, Baba.”

“Kamar mai ba kaji tsaba. Haka mutumin naka ya ce a yi?”

“A'a, ya ce a rage.”

“To, shi ma ya fi ka hankali.”

Ya tsuguna a gefen katakon ya fara cire na cirewa da yatsu biyu. Ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba.

Da la'asar shi da kansa ya fito bakin ƙofa da buzunsa, ya ce a maimaita masa wurin rumfar. Na karanta. Ya ce in nuna masa hoton, ya kai shi kusa da ido, ya daɗe yana duban mutumin nan mai adda. Sa'an nan ya yanke hukunci: za a yi wasu, amma kowanne tsawonsa ya kai mutum uku a jere, kuma a kwantar da su gabas da yamma.

Ya ce, “Lambu ya yi kama da lambu. Wancan kuma in an cinye alayyafon a baje shi.”

Aiki ya tashi. Bayan asuba sai mu fito, ni da Ɗanjuma da makwabta biyu da suka ga abin ya yi suna so su koya. Mu ke haƙa da ɗaukar ƙasa, Hajara na miƙo toka, Baba na zaune kan turmi da sanda yana nuna inda aka karkace. Kafin hantsi ido ya fara ganin taurari, sai ya ce a tashi haka, azumi ba a yi masa gadara. Ya ce a ɗaga rumfa ta ɓangaren gabas don ɗan hasken safe ya shiga, in tsiro ya yi ƙarfi kuma a riƙa zare ganyen kwakwar kaɗan-kaɗan. Da yamma na juya shafi, sai ga maganar zare ganyen nan a rubuce. Baba ya gyaɗa kai.

“Ashe ya taɓa riƙe fartanya. Ka ce ina gaishe shi.”

Duk wannan da irin kasuwa ake yi. Gorar na nan ɗaure a jikin buzu, bai kwance ba, bai kuma janye maganar tafiya ba. Tuli ɗaya, na ƙarshe, ya sa aka gyara aka bari ba shuka. Na tambaye shi me za a sa, ya ce ƙasa ma tana son hutu. Ban ƙara tambaya ba, don ina tsoron amsar. Goman ƙarshe ta shigo, ɗinkin salla ya rufe ni. Muka fara cin alayyafonmu, Hajara ta yi miyar taushe da kabewar kasuwa, ƙamshin ɗanyen ganye ya cika gidan. Ranar Baba ya suɗe kwano, har ya ce ko da saura. Na sa rai, amma washegari na gan shi yana wanke rigar tafiyarsa.

Ran jajibere da hantsi Alhaji mai goro ya biyo ta shago, ya ce jibi jirgin ƙasa zai tashi, tsoho ya shirya. Na ce ya shiga ya gaya masa da kansa, ni bakina ba zai iya ba. Na ci gaba da taka keke, ina ɗinki ban san abin da nake ɗinkawa ba. Can sai ga Hajara a bakin ƙofa, da Bilki a baya.

“Taso ka gani. Kada ka yi magana.”

Ana yayyafi. Alhaji na tsaye da lema a bakin shinge. Baba kuwa na tsugune gaban tulin nan na ƙarshe, ya ja layuka da yatsa, tsummokaran ƙulli a warwatse kusa da ƙafarsa. Ya kifa gorar a tafin hannu yana bubbuga gindinta, 'ya'yan kubewa biyu ko uku da suka maƙale suka faɗo tare da toka. Ya sa su a rami, ya rufe, ya danna da babban yatsa.

Ya ce, “Alhaji, ka gaida gida. Ka ga mutanen nan, in na bar musu shuka, tsaba za su mayar da ita.”

Alhaji ya yi dariya, ya yi sallama ya tafi. Baba ya miƙo mini gorar, ba komai a ciki, ya dafa kafaɗata ya miƙe.

“Rataye ta inda hayaƙi ke kaiwa, za a cika ta. Tela, na saka irin ubana a ƙasar nan. In ta karɓe shi, ni ma ba za ta ƙi ni ba.”

Na shige shago na rufe ƙofa, na yi kuka na ƙoshi, da azumi a bakina.

Ta karɓa. Kafin babbar salla muna cin kubewa ɗanya, yakuwa ta kai ƙugu, gauta ya yi 'ya'ya. Albasa kuwa ba ta yi kai ba, kamar yadda mai littafi ya faɗa, sai ganye. Baba ya yanke lawashin ya ɗaure dami-dami, masu tsire da masu ƙosai suka riƙa rububinsa. Har ya bar duniya bai yarda an kayar da shi a wannan gardama ba, wai ai mutumin bai ce ba ta yin ganye ba. Ya yi shekaru masu dama tare da mu, lambuna irin nasa suka jeru a bakin lambatu, littafin ya zaga gidaje har bangonsa ya rabu da shi. Wanda duk ya zo neman shawara, sai Baba ya ce a karanta masa abin da abokinsa ya ce tukuna, sa'an nan shi ya gyara. Allah kuma ya yi masa yadda yake so. Cikin rani ya rasu, muka haƙa ƙasa a bushe.

Yanzu filin nan duk gidaje ne, lambatun ma an rufe shi da siminti. A cikin littattafan Bilki, na ukun ne na ga mace da zane tana gyara magudana, na ce ta riƙe shi. Na tashi na ciro gorar daga inda take rataye, don ko a tukwane da tsofaffin bokitai ban fasa shuka ba, na ƙulla mata yakuwa da kubewa a ƙyallen atamfa.

Na ce, “In za ki tayar da ƙasar, ki yi ta da tsawo sosai, ki kwantar da ita gabas da yamma.”

Ta buɗe littafin tana dubawa, shafi bayan shafi.

“Baba, a nan fa bai faɗi haka ba.”

“Ba zai faɗa ba. Wannan kakanki ne ya ƙara.”